"To, ranka ya daɗe" ta ishe mu haka

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da muka kwaso daga gida muka kawo Abuja, kuma tana cin mu. Ba mu iya ce wa oga a'a ba. Ƙarfe 4 ta yi, lokacin tashi a Sakatariyar Tarayya, sai oga ya leƙo ya ce a tsaya a gama wani fayil. Mu ce to. Asabar ta zo, a kira mu a waya a ce a je a ɗauko Hajiya daga Kasuwar Wuse. Mu ce to. Wanda aka ɗauka akawu ya koma ɗan aike, direban ofis ya koma mai kai yara Islamiyya, kuma duk muna kiran wannan ladabi.

Ladabi daban, bauta daban. An raine mu da kunya da kara, kuma ba mu ce a zubar da su ba. Amma ai mu ne muke cewa kunyar mara kunya asara ce. Ogan da yake kwana a Maitama ko Asokoro minti goma ke kai shi gida. Wanda ya tsayar har bayan Isha'i kuwa Masaka zai nufa, ko Suleja, ko Gwagwalada. Zai tsaya bakin titi yana neman mota a lokacin da 'yan "wan cans" ke farauta, ya faɗa cunkoson Nyanya da Mararaba, ya iske yaransa sun yi barci, da asuba kuma ya sake fitowa kafin su farka. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, zuwa ofis ranar Asabar kaɗai kuɗin cefane ne ya tafi. Mafi ƙarancin albashin Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai zo da kuɗin motar aiken oga a ciki ba.

Abin haushin shi ne doka ma ta fi mu tausayin kanmu. Dokar Ƙwadago ta ƙasa, a sashe na 13, ta ce wanda zai yi aikin awa 6 ko fiye a yini yana da hutun da bai gaza awa ɗaya ba, yana da yini guda cur na hutu a kowane mako, kuma abin da ya haura lokacin da aka yi yarjejeniya a kai ƙarin aiki ne. Sashe na 18 ya ba shi hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki da albashinsa, bayan wata 12. Wannan dokar ta fi shafar ƙananan ma'aikata, su direbobi, masinjoji da akawuna. Manya kuma takardar ɗaukar aikinsu ko ƙa'idojin aikin gwamnati ne madogararsu. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana nan Garki, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2010 ita ke da hurumin irin waɗannan rigingimu. Faransa tun 2017 ta amince ma'aikaci yana da haƙƙin kashe waya bayan an tashi. Mu kuwa ƙarfe 11 na dare saƙon WhatsApp ke shigowa, mu miƙe zaune a kan gado muna rubuta "an gama, Yallaɓai".

Za a ce mana aiki wuya gare shi, masu digiri na yawo da takardu, kuma galibinmu wani babba ne ya sa baki aka ɗauke mu. Gaskiya ne. Shi ya sa ba mu ce a ɗaga murya ko a buga ƙofa ba. Akwai a'a mai ladabi. "Ranka ya daɗe, yau ba zai yiwu ba, amma gobe da safe shi zan fara yi." "Hajiya, ayyuka biyu ne a hannuna, wanne zan ajiye?" Wanda ya taimake mu muka sami aiki ya cancanci godiya da ziyarar Sallah. Bai sayi Asabar da Lahadinmu ba.

Wadda ta fi haɗari ita ce "sa hannu kawai, na riga na duba". Ranar da EFCC ko ICPC suka buɗe fayil, sunan da ke ƙasan takardar biyan kuɗi shi za su kira, kuma "oga ne ya ce" ba ta hana mutum kwana a tsare. Duk umarnin da zuciya ba ta kwanta da shi ba, a roƙi a rubuto shi a takarda. Sau da yawa daga nan maganar ke mutuwa.

Sannan mu juyo kanmu, don da yawa daga masu karanta wannan su ne ogan. A gidajenmu na Gwarinpa da Kubwa akwai mai gadin da ke wankin mota da ban ruwan fulawa da sayo biredi a kan albashin gadi, ga direban da ya shekara bai leƙa iyayensa a Funtuwa ba. Ranar da ya yi ƙarfin halin cewa "Alhaji, a yi mini afuwa yau", kada mu ce yaron nan ya fara girman kai. A duba yaushe rabonsa da hutu.