Kilasikal da Niyokilasikal: waye ya ƙirƙira, waye ya kafa doka?

1/ Masu karatun adabin Turanci, ku matso. Da yawanmu mun haddace cewa Kilasikal na Girkawa da Rumawa ne, Niyokilasikal kuma na Ingila ne, 1660 zuwa 1798. An ci jarrabawa, shi ke nan. Amma ainihin bambancin ba a shekaru yake ba. 🧵

2/ Girkawa rubutu suka fara yi, sharhi ya biyo baya. Sophocles ya rasu a shekara ta 406 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sai bayan gomman shekaru Aristotal ya zauna yana nazarin me ya sa wasanninsa ke taɓa zuciya. Bayanin abin da ya gani ya yi.

3/ Mutanen Niyokilasikal su suka mayar da bayanin doka: labari ɗaya, cikin yini ɗaya, a wuri ɗaya. Abin dariyar, Aristotal bai ce komai kan wuri ɗaya ba. Wani ɗan Italiya, Castelvetro, ya ƙaro shi a 1570.

4/ Kai, Girkawan ma ba su bi ba. A wasan Eumenides na Aeschylus, an fara a Delphi, aka koma Atina.

5/ A Faransa abin ya yi tsanani. Corneille ya fito da Le Cid a 1637, jama'a suka so shi sosai. Majalisar masana harshen Faransanci ta ce ya saɓa ƙa'ida. Bawan Allah bai sake fito da sabon wasa ba sai 1640.

6/ A Ingila, Alexander Pope ya fassara Iliad, 1715 zuwa 1720, da amsa-amo layi bibbiyu, alhali waƙar Homer ba ta da amsa-amo. Gyaran fuska ne don ta dace da kunnen mutanen Landan.

7/ Kar ku ce na raina su fa. Racine ya ɗauko labari daga Euripides ya rubuta Phèdre a 1677, cikin waɗannan dokokin, kuma har yau ana wasa da shi. Ƙa'ida ba ta hana gwani.

8/ Matsayata: karanta magabata dole ne. Amma in malaminka ko masu sharhi sun ce "ba haka ake rubutu ba", tambaye su waye ya kafa dokar, kuma don me. Wataƙila wanda suke jingina ta gare shi bai taɓa faɗa ba.

9/ Ku marubutan nan, wace doka aka taɓa kashe muku labari da ita? Ina jiranku a ƙasa. 👇