Karatun Ciyawa Ba Abin Raini Ba Ne

Kwanan baya na fita rangadin duba makarantu a ƙasar Shagari, na yada zango a Horo Birni. Bayan sallar la'asar sai wani dattijo manomi ya zo ya gaishe ni, ya ce yana da magana. Ɗansa ya gama sakandare, ya nemi karatun likita, amma makinsa bai kai ba, sai wata jami'a ta ba shi gurbi a sashen ilmin tsirrai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da na sayar da tumakina don yaron nan ya zama likita, ashe karatun ciyawa za a koya masa? Ai ciyawa ga ta nan bayan gida, ba sai an je birni ba." Waɗanda ke zaune suka yi dariya, ni ma na murmusa. Amma maganar ta kwana a zuciyata, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba. Har cikinmu malamai da ma'aikatan hukuma akwai masu irinsa, kuma mu ne iyaye suke tambaya.

To, bari mu fara da bayanin yadda abin yake. Ilmin halittu masu rai, wanda yara ke kira bayoloji, darasi ɗaya ne a sakandare, amma a jami'a itace ne mai rassa. Akwai ilmin tsirrai. Akwai ilmin dabbobi, wanda a cikinsa ake karatun ƙwari, da kifi, da tsutsotsin da ke zaune a jikin mutum da dabba. Akwai ilmin ƙananan halittun da ido ba ya gani sai da madubin likita, watau maikurobayoloji. Akwai ilmin sinadaran da ke aiki cikin jikin mai rai, watau bayokemistiri. Sa'an nan akwai digirin bayoloji na gaba ɗaya, wanda ke tsakuro daga kowane reshe. Dukansu ana karantar da su nan kusa da mu, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, aka sake mata suna a 1988. Karatun shekara huɗu ne. A shekarar farko kusan kowa abu ɗaya yake karantawa, bayoloji da kemistiri da fiziks da lissafi. Daga nan hanyoyi su fara rabuwa, a tura ɗalibi koyon aiki na 'yan watanni, a shekarar ƙarshe kuwa ya yi bincike nasa na kansa, ya rubuta.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin zaɓe. A Amurka ɗalibi yakan shiga jami'a ya yi shekara ɗaya ko biyu kafin ya tsai da reshen da zai bi. A nan kuwa tun a takardar JAMB yaro yake rubuta abin da yake so, yana ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai, sau da yawa bai taɓa leƙa madubin likita ba. Saboda haka ba shi ne ke zaɓe ba, jita-jita ce ke zaɓa masa. Jita-jitar kuwa guda ce: wanda bai sami likita ba, ya nemi abin da ya fi kusa da asibiti. Sai a yi ca a kan maikurobayoloji da bayokemistiri, a bar ilmin tsirrai da na dabbobi ga waɗanda aka tura ba da son ransu ba.

Akwai abin da ya wajaba kowane malami ya faɗa wa ɗalibansa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Digirin maikurobayoloji ba shi ne lasisin aikin awo a asibiti ba. Tun da aka yi doka a 2003, aikin awon jini da fitsari a asibiti yana hannun majalisar masu awon asibiti ta Nijeriya, kuma yana da nasa digiri dabam, na shekara biyar. Yaron da ya yi shekara huɗu yana zaton farar riga na jiransa, ranar da ya gano haka ya riga ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni abin da nake gani shi ne, mu daina auna rassan nan da kusancinsu ga asibiti, mu auna su da abin da ke damun ƙasarmu. Mu dubi gonar dattijon nan ta Horo Birni. Ciyawar da ya raina, a cikinta akwai ƙuduji, wanda ya fi kowace ciyawa ɓarna ga gero da dawa. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubbai masu yawa, ƙanana kamar ƙura, su kwanta cikin ƙasa fiye da shekara goma. Ba su tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa, sa'an nan su manne mata su yi ta tsotso tun a ƙarƙashin ƙasa. Kafin manomi ya ga furen a sarari, an riga an cuce shi. Wanda ya gano wannan sirri, da wanda ke neman irin dawar da za ta jure, masanin tsirrai ne.

Haka kuma wake. Tsutsar da ke huda fure da kwanson wake ta daɗe tana cinye wahalar manoma. A ƙarshen 2019 aka amince da wani irin wake da tsutsar ba ta iya ci, mai suna SAMPEA 20-T, wanda aka yi aikinsa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello. Har yanzu ana muhawara a kan irin da aka sauya wa ƙwayoyin gado, wasu na so, wasu na ɗari-ɗari. To, kadan ba mu da 'ya'yanmu da suka san ilmin gadon tsirrai, wa zai bayyana wa manomin Bodinga gaskiyar magana da harshen da yake ji?

Mu koma ga ilmin dabbobi. Manyanmu sun san kurkunu, yadda yakan kwantar da majiya ƙarfi daidai lokacin noma. A ƙidayar da aka fara a 1988 an sami fiye da mutum 650,000 da ke ɗauke da shi a Nijeriya. Cutar nan ba ta da allurar rigakafi, ba ta da ƙwayar da ke kashe ta. Abin da ya yi maganinta shi ne sanin rayuwar tsutsar: an gano 'ya'yanta suna zaune cikin wani ɗan ƙwaron ruwa, saboda haka aka koya wa mutane tace ruwa da ƙyalle, aka hana mai ciwon shiga tafki. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu. Tsargiya kuwa tana nan tare da mu. Ƙwanta yana fita cikin fitsarin mai ciwon, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin katantanwa, ya fito ya huda fatar yaron da ke wanka. Duk inda aka tare ruwa don noman rani, ko a Goronyo ne ko a madatsar Shagari, ana bukatar wanda ya san wace katantanwa ce ke ɗauke da ita, da lokacin da take yawaita. Likita zai ba yaro magani ya warke, amma gobe ruwan nan zai koma. Ga kuma jan baki da fara, ga kiwon kifi, ga jar akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. Duk aikin masanin dabbobi ne.

Kada wani ya ce na zo ɓata sunan sauran rassan. Ko kusa. Bushiya, wadda ta kusa ƙarar da shanun ƙasar nan wajen 1890, masu aikin ƙananan halittu ne suka yi mata rigakafi, a wurare irin su ɗakin binciken Vom da aka kafa a 1924, har aka ba da sanarwar ƙarewarta a duniya a 2011. Sa'ad da sanƙarau ya auka wa Zamfara da Sakkwato a 2017, sai da aka gane irin ƙwayar cutar kafin a san allurar da ta dace. Gubar dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, awon jini da na ƙasa ne ya tona ta. Akwai aikin awon ruwan sha, da na abinci da magunguna irin na hukumar NAFDAC. Wanda zuciyarsa ke can, ya tafi da saninsa. Abin da nake ƙi shi ne tururuwa cikin duhu.

Na san wani zai ce, "Malam, duk mun ji, amma ina aikin yake?" Tambaya ce ta gaskiya, ba kuwa zan yi alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Babu reshe ɗaya da ke ba da takardar ɗaukar aiki tare da digiri. Amma lissafin ba wuya: inda mutum ɗari suka taru a ƙofa ɗaya, da inda mutum goma suke, ina ne ya fi sauƙin shiga? Kuma wanda ya iya renon dashe, ko ƙyanƙyasar kifi, ko tsabtace iri, yana da sana'a a hannu ko gwamnati ba ta kira shi ba. Sa'an nan ga koyarwa. Makarantunmu na ƙauye suna kukan rashin malaman kimiyya, kuma mai digirin bayoloji na gaba ɗaya, in ya ƙara da difloma ta koyarwa, ya fi kowa dacewa da aji. Wanda ke ganin koyarwa koma baya ce, ya tuna marigayi Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan ƙasa, malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato kafin ya zama shugaban Nijeriya a 1979.

Saboda haka ina da roƙo uku. Na farko ga malamai: tun yara suna aji biyu na babbar sakandare a zauna da su a bayyana musu rassan nan ɗaya bayan ɗaya, da inda kowane ke kaiwa, a fita da su gona da bakin fadama su gani da idonsu, domin gani ya kori ji. Na biyu ga jami'o'i: tsarin karatun da Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, to, a cika wannan kaso da ƙuduji da katantanwa da albasa da jar akuya, watau abin da ke gabanmu. Na uku ga ma'aikatan ƙananan hukumomi: sa'ad da ɗalibai suka zo neman wurin koyon aiki, a kai su sashen gona da na lafiya su taɓa aiki da hannunsu, kada a ajiye su a ofis suna jiran a sa musu hannu a littafi.

Da zan bar Horo Birni na sake ganin dattijon nan. Na tambaye shi abin da ƙuduji ya ci a gonarsa bana. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ba ya son tunawa. Na ce masa, "To, Baba, ka bar yaron ya tafi ya karanta ciyawar nan, amma ka yi masa sharaɗi ya komo ya gwada a gonarka." Ya ce zai yi shawara. Allah ya sa mu dace, amin.