LABARUN DUNIYA: Tsohon miki tsakanin Sin da Japan

Duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya san kayan ƙasashen nan biyu. Motar Toyota da babur ɗin Yamaha na Japan ne. Ganyen shayi da tocila da kwanuka kuwa, da yawansu daga Sin ake kawo su. Sin da Japan maƙwabta ne a can gabashin duniya, teku ne ya raba su. Suna ciniki mai yawa da juna. Amma har yanzu zukatan mutanensu ba su kwanta ba, saboda wani yaƙi da ya ƙare tun shekarar 1945.

Yadda abin ya faro

Sin babbar ƙasa ce mai yawan jama'a. Japan tsibirai ce, ba ta kai Sin girma ba ko kusa. Amma Japan ta riga Sin samun masana'antu da makamai na zamani. A 1895 ta ci Sin da yaƙi, ta karɓe tsibirin Taiwan. A 1931 sojojinta suka mamaye Mancuriya, wato arewa maso gabashin Sin. A watan Yuli na 1937 babban yaƙi ya ɓarke kusa da birnin Bejin. Shekara takwas aka yi ana gwabzawa.

Ranar 13 ga Disamba 1937 sojojin Japan suka shiga Nanjin, wanda shi ne babban birnin Sin a lokacin. Kusan mako shida suka yi suna kisa. Sun kashe fursunoni da farar hula, sun yi wa mata dubbai fyaɗe. Gwamnatin Sin ta ce mutum 300,000 ne suka mutu. Kotun da ta zauna a Tokiyo bayan yaƙi ta ce sun fi 200,000.

Mutanen karkara su ma sun sha wuya. A arewacin Sin sojoji sun riƙa ƙona ƙauyuka, su kwashe hatsi da dabbobi, su kashe mazauna, don kada mayaƙan Sin su samu abinci da wurin ɓuya. Kafin yaƙin ya ƙare, Sinawa fiye da miliyan goma sun rasa rayukansu.

A watan Agusta na 1945 Amurka ta jefa bam na nukiliya a biranen Hiroshima da Nagasaki. Japan ta miƙa wuya. Aka yi wa manyanta shari'a, aka rataye bakwai daga cikinsu a 1948.

Sulhun shugabanni

Sai a 1972 faraministan Japan, Tanaka, ya tafi Bejin don a ƙulla hulɗa. Wajen walima ya yi magana a kan yaƙin. Kalmar da tafinta ya faɗa da Sinanci ƙarama ce, irin wadda ake faɗa wa mutumin da aka ɗan dama. Faraministan Sin, Cu Enlai, ya nuna masa cewa kalmar ba ta dace da jinin miliyoyin mutane ba. Aka sake zama, aka gyara magana. A cikin takardar da suka sa wa hannu, Japan ta amsa cewa ta yi wa Sinawa babbar ɓarna, kuma tana zargin kanta. Sin kuma ta yafe diyyar yaƙi.

A 1978 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya da abota. Daga 1979 Japan ta soma ba Sin rance da taimako. Da kuɗin aka gina hanyoyin jirgin ƙasa da tashoshin jiragen ruwa. Taimakon bai tsaya ba sai a 2022.

Abin da ke fama mikin

To, me ya sa maganar ba ta mutu ba? Abu uku ne ke tayar da ita.

Na farko, wani wurin ibada ne a Tokiyo mai suna Yasukuni. A nan Japanawa ke girmama mutum kusan miliyan biyu da rabi da suka mutu a yaƙe-yaƙen ƙasarsu. A 1978 aka ƙara sunayen manya 14 da aka tuhuma da manyan laifukan yaƙi. Faraminista Nakasone ya ziyarci wurin a 1985. Koyizumi ya je kowace shekara daga 2001 zuwa 2006. Abe ya je a 2013. Duk ranar da shugaba ya taka wurin, Sinawa kan ce an girmama waɗanda suka kashe kakanninsu.

Na biyu, littattafan makaranta. Tun 1982 ake gardama a kan abin da ake koya wa yaran Japan. Sinawa na cewa waɗansu littattafan suna rage nauyin laifin. Akwai ma ƴan siyasar Japan da suka yi musun kisan Nanjin.

Na uku, girma a idon duniya. Tun 1968 Japan ce ta biyu a duniya wajen arziki. A 2010 Sin ta wuce ta. Sin tana da kujerar dindindin a Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya, Japan ba ta da ita, kuma tana nema. A 2005 dubban Sinawa suka fito zanga-zanga don kada a ba ta. A 2012 rigima ta tashi a kan waɗansu ƙananan tsibirai da babu kowa a cikinsu. Japan na kiransu Senkaku, Sin na kiransu Diyawyu. A biranen Sin aka farfasa motocin Japan da kantunan Japanawa.

Kowa da tasa hujja

Japanawa da yawa na cewa ai sun nemi gafara. Gaskiya ne, a 1995 faraminista Murayama ya fito fili ya amsa cewa ƙasarsa ta kai wa maƙwabta hari, ya ba da haƙuri. Suna kuma cewa yawancinsu bayan yaƙin aka haife su. Suna zargin gwamnatin Sin da hura wutar tsohuwar gaba don amfanin siyasa, kuma suna tsoron ƙarfin sojanta.

Sinawa kuwa na cewa haƙurin da wani ya bayar yau, wani ya warware shi gobe, bai cika ba. Wanda ya yi duka shi ke mantawa, wanda aka doka ba ya mantawa. Tun 2014 Sin ta mai da ranar 13 ga Disamba ranar juyayi ta ƙasa baki ɗaya.

Aikin manoman Mancuriya

Akwai wani labari da ɓangarorin biyu ba su musu a kansa. A 1945, lokacin da Japanawa mazauna Mancuriya ke gudu, an bar yara ƙanana da yawa a baya. Waɗansu iyayensu sun mutu a hanya. Iyalan Sinawa ne suka ɗauke su, da yawansu manoma talakawa waɗanda yaƙin ya cuta. Suka ci da su, suka tufatar da su, suka yi masu aure kamar ƴaƴan cikinsu.

Daga 1981 aka soma kai waɗannan marayu Japan don neman danginsu. Fiye da 2,000 suka koma can da zama. Da yawansu ba su jin Japananci, kuma sun ci gaba da komowa gaida iyayen da suka rene su. Manoman nan sun san abin da sojoji suka yi masu, amma ba su ɗora laifin a kan jarirai ba.