Filin Masu Mota: Gyaran Sitiyarin Motar Daji Ba Tare da Ɓarnar Kuɗi Ba

A yau za mu yi magana ne a kan motocin shiga daji, wato irin su Land Rover da Land Cruiser da Pajero, da kuma yadda mai ƙaramin ƙarfi zai sa motarsa ta riƙa bin umurnin sitiyari ba tare da ya zubar da jarinsa ba.

Dalilin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani abu da ya faru a gabana a ƙarshen damina. Wani aminina mai fataucin hatsi ya sayi tsohuwar motar daji, ya kashe kuɗi masu yawa ya sa mata manyan tayoyi da ƙarfen gaba da fitilu, ya kuma ɗaga ta sama. Ran nan muna tafe a kan kwalta da gudun kilomita 80, sai ƙafar gaba ta faɗa wani ɗan rami. Nan take sitiyari ya kama rawa a hannunsa kamar mazari, mota ta nufi gefen wata tirela. Allah Ya kiyaye, ya sassauta gudu a hankali har ta natsu. Da muka kai ta gareji, sai ga shi bushin guda biyu ne suka cinye, kan tayarod ɗaya kuma ya yi sako-sako. Kuɗin gyaran duka bai kai na taya ɗaya daga cikin waɗanda ya saya don ado ba.

To, abin da ya kamata a fara sani shi ne, motar daji an yi ta da tsawo ne domin ta haye kwazazzabo da duwatsu, saboda haka nauyinta yana sama, tana kuwa saurin karkata a kwana fiye da ƙaramar mota. Tun daga Land Rover ta farko ta 1948 har zuwa Land Cruiser samfurin 70 da aka fara yi a 1984, ƙafafun gaba biyu a kan gatari guda suke, abin da ya taɓa ɗaya sai ya girgiza ɗayar. Don haka ɗan sakin da ba a damuwa da shi a ƙaramar mota, a nan yana iya zama sanadin haɗari.

Gyara na farko, wanda kusan kyauta ne, shi ne iskar taya. Kada ka bar wa falkanaiza ya buga yadda ya ga dama. Akwai takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a littafin mota, wadda ta nuna awon da ya dace. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Iska in ta yi yawa, mota sai ta riƙa tsalle a kan gargada. In ta yi kaɗan, sitiyari ya yi nauyi, taya ta yi zafi har ta fashe. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka bayan motocin Ford Explorer da dama sun kife, kuma cikin abin da kamfanonin biyu suka yi jayayya a kai har da awon iska: Ford ta ce 26, Firestone ya ce 30. Wanda ya rage iska domin ya wuce yashi ya yi daidai, amma tilas ya mayar da ita da zarar ya hau kwalta.

Har ila yau, a tabbata tayoyin huɗu girmansu ɗaya ne, a kuma duba shekarunsu. A gefen taya, ƙarshen lambar da ta fara da DOT, akwai alƙaluma huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Kamfanonin mota da yawa suna ba da shawarar a sauya taya in ta shekara 6, ko da zanenta bai cinye ba.

Na biyu, a nemi inda sakin yake. Ka tsayar da mota a wuri mai laushin hawa, ƙafafu sun miƙe, ka juya sitiyari dama da hagu a hankali. In ya yi tafiyar da ta wuce santimita 3 ko 4 kafin taya ta motsa, akwai abin da ya cinye. Sai ka sa yaro ya riƙa kaɗa sitiyarin, kai kuwa ka duƙa ka dubi kowace mahaɗa. Sa'an nan a ɗaga ƙafar gaba da jak, a tokare motar da abu mai ƙarfi, ka kama taya sama da ƙasa ka jijjiga: in ta yi ƙwas-ƙwas, boris ne ko mahaɗin da ƙafar ke juyawa a kansa. Ka kama ta ta gefe da gefe: in ta motsa, galibi kan tayarod ne. Sau da yawa boris ɗauri da giris kawai yake bukata.

Akwatin sitiyari na tsofaffin motocin nan yana da noti na rage saki. A bar wa bakaniken da ya san hannunsa, ya riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan yana gwadawa, domin in ya matse da yawa sitiyari ba zai riƙa komowa tsakiya da kansa ba bayan kwana, wannan kuwa ya fi sakin muni.

Na uku, bushin da sifirin da shakazoba. Robar bushin ba ta da tsada, amma ita ke riƙe gatari a mazauninsa. A motar da ke da sifirin na falle-falle, a duba notocin da suka ɗaure shi da gatari, gama gargada tana kwance su. Shakazoba kuwa in ta jiƙe da mai, ko ka danna kusurwar mota ka saki ta yi ta lilo, ta mutu. A sauya biyu tare, dama da hagu. Akwai wata ƙaramar shakazoba kwance a gaban wasu motoci, mai rage girgizar sitiyari. Bakanike zai ce maka sabuwa za ta kashe rawar, alhali kuwa ɓoye ciwon kawai za ta yi in ba a gyara mahaɗan ba.

Sai an gama waɗannan duka za a je a yi alaimen da balansin. Wanda ya yi alaimen a kan tayarod mai saki ya zubar da kuɗinsa ne, domin ramin farko zai rushe aikin.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan direba. Kaya masu nauyi a sa su ƙasa, tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Buhuna a kan kariya suna ƙara wa mota saurin kifewa. A motar da ake sa wa giyar ƙafa huɗu da hannu, a cire ta a kan busasshiyar kwalta, in ba haka ba sitiyari zai yi tauri a kwana, ƙarafa su ci juna. Ɗaga mota da sa manyan tayoyi kuwa yana sauya kusurwar ƙafafun gaba, mota ta riƙa yawo a hanya, sai an sake kashe wasu kuɗin kafin ta daidaita.

Daga ƙarshe, a wajen sayen kayan sitiyari kada a bi araha, gama an ce araha ba ta ado. Kan tayarod na jabu in ya fita a guje, babu birkin da zai ceci mutum. Gara a jinkirta fenti da fitilu, a sayi na ƙwarai. Aminin nan nawa ya mayar da tayoyinsa na asali, ya sayar da manyan, yanzu kuma iyalinsa suna shiga motar da kwanciyar hankali.

Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya, Ya kiyaye mu a hanya, amin.