Tafiyar Salla da Harshen da Muke Ba da Labarin Hatsari

Duk lokacin da Salla ta gabato, ƙarama ko babba, tashoshin mota sukan cika su batse. Ma'aikaci a Abuja da ɗan kasuwa a Legas da ɗalibi a Zariya, kowa burinsa ya yi idi a gida. Kuɗin mota ya ninka, direba na son ya yi sawu biyu a inda ya saba yin ɗaya, 'yan kamasho na cusa mutum biyu a kujerar gaba, wasu bayin Allah kuma sun ɗare saman tirela tare da kaya. Kafin a gama hawan Salla sai labaran rasuwa su fara shigowa. Abin da ya kamata ya ja hankalinmu, mu masu nazarin Hausa, shi ne irin harshen da ake ba da waɗannan labarai da shi, domin a ganina yana cikin abubuwan da ke hana mu ɗaukar darasi.

A saurari yadda muke faɗa: mota ta ƙwace, taya ta fashe, birki ya tsinke, barci ya kwashe direba, hatsari ya rutsa da su. A kowace jimla daga cikin waɗannan, aikau ko dai ƙarfe ne ko roba ko wani yanayi, ɗan'adam kuwa yana zaman wanda abu ya faɗa wa. Nahawun Hausa bai tilasta mana wannan tsari ba. Harshen yana da cikakken ikon cewa direba ya wuce ƙa'idar gudu, mai mota ya sayi tsohuwar taya, an yi lodin da ya fi ƙarfin birki, an bar mutumin da ya kwana biyu bai runtsa ba ya riƙe sitiyari. Zaɓi ne muke yi, kuma zaɓin yana da dalili mai kyau a asalinsa: kara da kawaici, da gudun ƙara wa mai jimami ciwo. Sai dai abin da ya dace da zaman makoki ya bi mu har gidan rediyo da shafin jarida da tashar mota, inda ya kamata a kira laifi da sunansa.

Daga nan sai kalmomin tsautsayi da ƙaddara da ajali su rufe zancen. Da zarar an ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, an gama bincike. Alhali al'adar ilimin da muka gada ba ta taɓa ɗaukar imani da ƙaddara a matsayin wanke mai sakaci ba. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya ɗora lamuni a kan mai kora dabba da mai janta da mai hawanta idan ta taka wani abu ta ɓata. In mahayin doki yana da alhakin abin da dokinsa ya taka, ina ga wanda ke tuƙa motar da ke ɗauke da rayuka goma sha takwas? Karin maganarmu ma ba ta tsaya a gefe guda ba. Bakin da ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, shi ya ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, shi ya ce sauri ya haifi nawa, shi ya ce rigakafi ya fi magani. Mu ne muke ɗauko na farkon bayan aukuwar abu, mu manta da sauran kafin aukuwarsa.

Lissafin gudu kuwa ba ya sauraron uzuri. Motar da ke tafiyar kilomita 120 a sa'a tana cin kusan mita 33 a daƙiƙa guda, wato direban da ya duba waya na daƙiƙa uku ya shafe mita 100 bai ga hanya ba. Idan aka ninka gudu, ƙarfin karo da tazarar da birki ke buƙata sukan ninku har sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Gaskiya ne cewa ramuka da rashin alamomi da gyaran da ya ƙi ƙarewa a hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano suna da nasu kason, kuma tsoron 'yan fashi da masu garkuwa da mutane yakan sa direba ya ƙi rage gudu a wasu wurare. Wannan alhakin gwamnati ne, ya kamata a faɗa mata shi da jimlar da ke da aikau a fili. Amma lalacewar hanya hujja ce ta ƙara hattara.

Akwai kuma matsalar fasinja. A motar haya, wanda ya ce wa direba ya sassauta yakan sha dariya, a kira shi matsoraci ko a tambaye shi ko shi kaɗai ke da rai. Sauran fasinjoji su yi shiru, wasu don kunya, wasu don suna son isa da wuri. Muna da kirarin direba mai wuta, har Alhaji Mamman Shata ya waƙe direbobi, amma ba mu da wata karɓaɓɓiyar magana da fasinja zai tsawata wa direba da ita ba tare da an ga ya yi rashin ta-ido ba. Wannan giɓi ne a al'adar magana, kuma cike shi aikinmu ne.

An taɓa yin irinsa. Lokacin da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, da lokacin sauya kuɗi zuwa naira a 1973, waƙa da rediyo sun isar da saƙo har ƙauyukan da takardar gwamnati ba ta kai ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, takan yi gangamin faɗakarwa a lokutan bukukuwa, sai dai saƙon da aka tsara da Ingilishi sannan aka juya shi zuwa Hausa ba kasafai yake kama zuciya ba. Sassan Hausa na jami'o'inmu za su iya zama da ƙungiyoyin direbobi da limamai da masu shirya finafinai a tsara saƙon tun daga tushe da Hausa. Ɗalibanmu za su iya tattara rahotannin hatsari na gidajen rediyo su ƙidaya sau nawa aka ambaci mai aikatawa. Masu gabatar da labarai kuma a horar da su su bambanta ta'aziyya da rahoto.

Ga matafiyi a wannan Salla: ya tashi da safe maimakon dare, ya ƙi kujerar da aka cusa mutum biyu, ya ɗaura bel, ya riƙe lambar gaggawa ta hukumar, wato 122, idan kuma direba ya fara ganganci ya buɗe baki ya faɗa masa, ko da za a yi masa dariya. Allah Ya kai kowa gida lafiya.