Kafin Ka Hau Tebur Ka Ɗaura Fanka

Da zarar watan Maris ya kama, zafi ya sauka a ƙasar Mubi, sai ka ga magidanta daga Muchalla da sauran garuruwan gindin duwatsun iyakar Kamaru suna komawa gida da kwalin fanka a bayan babur. Da yawansu ba su kiran mai aikin wuta, sai su ce ai waya biyu ce kurum, ko yaro ma ya haɗa.

To, jama'a, ga inda hatsarin yake. Mutum ya kan jira sai an ɗauke wuta, sa'an nan ya hau tebur ya kama waya da hannu, hankalinsa kwance. Amma tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, har zuwa kamfanin rarraba wuta na Yola da ke kula da Jihar Adamawa a yau, wuta ba ta sallama in za ta dawo. Ta kan faɗo ne da ƙarfin volt 230, wanda ya isa ya tsayar da zuciyar ƙato. Gidan da ke da janareta ko batirin sola ma haka ne, domin wani a tsakar gida yana iya tayar da inji alhali kai kana sama. Saboda haka lalle ne ka kashe babban makunnin gida da hannunka, ka zare fis ka sa a aljihu, ka raba janareta da layin gida, ka kuma sanar da iyali. Tasta kuwa, fara gwada ta a soket mai wuta ka tabbata tana kamawa, kafin ka amince da shaidarta.

Abu na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. A tsohon tsarin da muka gada daga Ingila, jar waya ita ce mai wuta, baƙa ita ce mai mayarwa, koriya ta ƙasa. A sabon tsari kuwa mai ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya mai mayarwa, mai ratsin kore da rawaya ta ƙasa. Makunnin bango dole ne ya yanke waya mai wuta. In aka kuskure aka sa shi a kan mai mayarwa, fanka za ta juya lafiya lau, ƙwai zai kama ya mutu yadda ake so, babu mai lura. Sai dai ko an kashe makunni, wutar tana nan a sama tana jira. Watakila sai bayan shekaru, ranar da aka aiki yaro ya canja ƙwai ko uwargida ta hau goge fikafikan fanka da jiƙaƙƙen tsumma, sa'an nan laifin ya bayyana. Kada ka dogara da launi kaɗai, domin ba ka san wanda ya ja wayar gidan tun farko ba.

Sai maganar ratayewa. Allon silin ba ya ɗaukar fanka, haka ma lanƙwasasshiyar ƙusa, domin fanka tana girgiza dare da rana. A ɗaure ƙugiyar ƙarfe a jikin katako mai kauri, bayan an ƙwanƙwasa shi an tabbata gara ba ta cinye cikinsa ba. Ɗan siririn ƙarfen nan da ake zurawa a bakin noti, wanda wasu ke yarwa tare da kwali, shi ne ke hana noti kwancewa. Fikafikai kuma kada su yi ƙasa da ƙafa 7 daga daɓe.

Waya ta zama ta jan ƙarfe tsantsa mai lamba 1.5, a haɗa ta da abin haɗin da ake ɗaurewa da sukuru; murɗe wayoyi a naɗe da leda shi ne mafarin gobarar silin. Wanda bai gane kan wayoyin gidansa ba, ya nemi mai aikin wuta da ke da takardar shaidar hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa wannan aiki.

In kuwa, Allah ya kiyaye, wuta ta kama mutum, kada a cafke shi da hannu. A kashe babban makunni, in ya yi nisa a ture shi da busasshiyar sanda, sa'an nan a kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce ba ya jin komai.