Alkama ba baƙuwa ba ce a gidanmu

A ƙarshen watan Sha'aban, lokacin da bukukuwan aure kan yi yawa don a riga azumi, wata magana ta iso zauren mai unguwa, inda muke riƙe da alƙalami shekara da shekaru. Dangin wani ango ne suka kawo ƙorafi cewa an raina su. An kai musu gara da shinkafa da mai da nakiya da dubulan, amma babu alkaki ko ɗaya. A gurbinsa an jera faranti huɗu na wani gato mai launin ƙasa, wanda ƙanwar amarya ta gasa da hannunta. Gwaggon ango, dattijuwa da ta haura saba'in, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin gara ba alkaki ba, kuma ba za a fara a kan ɗanta ba.

Mai unguwa bai yi gaggawar magana ba. Ya sa aka kawo gaton, aka yanka, kowa ya ɗanɗana. Sannan ya dubi yarinyar ya ce, "Ƴata, da me kika yi wannan?" Ta durƙusa ta ce, "Baba, alkama ce da dusarta, ni na kai ta inji. Sai ƙwai da nono da mai, da wata gyaɗar waje da ake kira wolnot." Ya juya ga dattijuwar ya ce, "Hajiya, ke kuma da me kike alkaki?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, da alkama mana, da dusarta." Zauren ya yi tsit na ɗan lokaci, domin kowa ya gane cewa abu ɗaya ake jayayya a kai, an dai ɗinka masa riga biyu.

Ra'ayinmu a wannan magana shi ne, gaton alkama mai dusa abin maraba ne, kuma ya fi farin gaton da ya cika bukukuwanmu. Gyaɗar wajen da ke cikinsa ba dole ba ce. Alkaki kuwa yana da aikin da gato ba zai iya yi ba, don haka kuskure ne a tuɓe shi daga gara. Ga dalilanmu.

Mu fara da zargin baƙunta, tunda shi ne ya fi saurin fitowa daga bakin manya. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san kalmar alkama daga Larabci ta zo, haka ma alkaki, haka ma gurasa. Fatake da malamai da suka keto Sahara daga Gadamas da Turabulus su suka zo da sunayen da kuma dabarun, kakanninmu suka karɓa, suka sarrafa, har abin ya zama namu. A Risala, inda aka jero abincin da ake fitar da zakkar fidda kai da shi, alkama ce ta zo a farko, gero da dawa da shinkafa suna daga baya. To, wanda ya riƙe alkaki a hannu ba shi da hujjar korar gato don kawai daga nesa ya zo. Alkakin ma da baƙo ne, daɗewa ya mai da shi ɗan gida.

Abin da ya kamata a duba shi ne me baƙon ya zo da shi. Ƙwayar alkama kashi uku ce. Akwai farin cikinta, wanda ya kai kusan kashi 83 cikin ɗari. Akwai dusar da ta lulluɓe ta, kusan kashi 14. Sai ɗan idon da ke tsira in an shuka, wanda bai wuce kashi 3 ba. Masana'antar fulawa takan cire dusa da ido, ta bar farin kawai, domin farin gari ya fi daɗewa a buhu bai lalace ba, kuma burodinsa ya fi tashi. Amma a cikin abin da aka cire ɗin nan ne mafi yawan sinadarin ƙarfe da bitamin B suke, tare da ɓawon da ke sa hanji ya yi aikinsa, ya kuma riƙe ciki. Shekaru da yawa ke nan muna sayen farin gari da tsada, dusar kuma tana tafiya ga dabbobi. Yarinyar da ta ɗauki tiyar alkama ta wanke, ta shanya, ta kai inji, ta koma ne ga abin da kakarta take yi, ko da ita kanta ba ta lura ba.

Mun tambaye ta yadda ta yi, kuma mun rubuta, domin aikin ba na wasa ba ne. Garin alkama kofi biyu, ƙwai uku, rabin kofi na mai, kofi ɗaya na kindirmo, sukari bai cika kofi ba, ɗan gishiri, da ƙaramin cokali biyu na hodar da ke sa kwaɓi ya tashi. Ta ce gari mai dusa ya fi fulawa shan ruwa, don haka in an kwaɓa sai a bar shi ya huta kamar minti 20 dusar ta jiƙa, in ba haka ba gaton zai fito a bushe yana marmashewa. Ba a yawan juya shi bayan an zuba gari, don kada ya yi tauri. Gyaɗar kuma sai an ɗan gasa ta sama-sama, a daddaka, a barbaɗe ta da gari kafin a zuba, don kada ta nutse ƙasa. A tanderun zamani wuta digiri 180 ce, minti 45 ko kusa da haka. Ita da ba ta da shi, babbar tukunya ta samu, ta zuba yashi a ƙasa, ta ɗora gwangwanin a kai, ta sa garwashi ƙasa da kan murfi. In ta soka tsinke ya fito a bushe, ya gasu. Wanda ya ji wannan bayani ba zai ce yarinyar ta yi ganganci ko raini ba. Hannunta ya iya, kuma ta yi don ta fitar da yayarta kunya.

Inda muka rabu da ita shi ne kan gyaɗar waje. Larabawa suna kiranta jauz, Misirawa kuma idon raƙumi. Itaciyarta tana bukatar sanyin hunturu mai tsanani kafin ta yi ƴaƴa, shi ya sa ƙasashen Sin da Amurka da Iran da Turkiyya suke kan gaba wajen nomanta, kuma ba za ta taɓa yi a Maraɗi ko Damagaram ba. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyinta mai ne, irin man da zafi ke saurin ɓatawa. Kafin ta sauka a tashar jirgin ruwa, ta hau mota, ta kwana a kanti cikin zafin Afrilu, sau da yawa ta riga ta fara maƙaƙi. Tun bayan rufe iyakoki da ya biyo bayan watan Yulin 2023, hanyar kaya daga teku ta ƙara tsawo, tsada kuma ta bi ta. Yarinyar da bakinta ta faɗa mana cewa kuɗin ɗan ƙunshin gyaɗar ya fi na alkamar da ƙwan gaba ɗaya. Ga shi kuwa muna zaune a ƙasar da gyaɗa ce babbar hajarta zuwa waje kafin uraniyom ya karɓi gaba a shekarun 1970. Muna da riɗi, muna da aya, muna da dabinon Kawar da ake kawowa daga Bilma, wanda zai ma rage bukatar sukari. Soyayyar gyaɗa da aka cire wa ɓawo tana ba da ƙamshi da garɗin da ake nema. Wanda ya sami wolnot mai kyau kuma aljihunsa ya ɗauka, ya ci, halal ce. Amma kada a mai da ita sharaɗi har mai ƙaramin ƙarfi ya ci bashi a kanta. Kayan aro ba ya rufe katara.

Haka ma alkamar kanta. Yawancin fulawar da ke kasuwanninmu daga alkamar ƙasashen waje take, kuma mun ga yadda yaƙin Rasha da Yukren a 2022 ya taɓa farashin burodi har a unguwarmu, mu da ba mu san inda aka harba bindigar ba. Alhali ana noman alkama a fadamun ban ruwa na Birnin Konni, da lambunan tsaunukan Ayar, da Kadawa da Haɗeja a ƙetaren iyaka. Ana shuka ta da shigowar ɗari, a girbe kafin zafi ya kankama. Ba ta isa ta ciyar da gidajen burodi ba, amma ta isa alkaki da finkaso da gaton gida. Duk tiyar da aka saya daga waɗannan manoma dalili ce da za ta sa su sake shukawa baɗi.

Yanzu mu dawo ga Hajiya, domin ita ma tana da gaskiyarta, ko da ta faɗe ta cikin fushi. Waɗanda suka sa alkaki a gara ba don ado suka sa ba. Ana ɓarza alkama, a murje ta da mai, a kwaɓa da nono ko ruwan tsamiya, a bar ta ta kwana ta yi tsami, a kashe tsamin da ruwan kanwa, a kirɓa, a nannaɗe, a soya a wuta marar ƙarfi har ruwan jikinsa ya ƙone, sannan a tsoma a zuma ko dafaffen sukari. Soyawa ta fitar da ruwa, zaƙi ya toshe ƙofar lalacewa, shi ya sa alkaki yake makonni a kwalla ba tare da firji ba. Gara kuwa abin rabo ce. Ana aika wa gwaggo a ƙauye, a ajiye wa kawu da ya yi tafiya, amarya ta riƙa fitar wa baƙi kaɗan-kaɗan har ta saba da gidan miji. Gato mai ƙwai da nono, a zafin ƙasarmu da ɗaukewar wuta, in ya kwana uku ko huɗu sai a fara jin tsami. Faranti huɗun nan kafin rabo ya kai ga na nesa, rabi ya tashi a banza, addini kuma ya hane mu da almubazzaranci.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. A kowace unguwa akwai tsofaffi biyu ko uku da aka sani da alkaki, yawancinsu mazajensu sun rasu. Kuɗin aikin biki da suna shi ne sabulunsu da maganinsu, da shi suke rufa wa kansu asiri ba su miƙa hannu ba. Iliminsu kuma ba a takarda yake ba. Da tafin hannu suke awo, da hanci suke sanin kwaɓi ya yi, da kunne suke jin mai ya isa. In aka yi shekara goma ba a ba su aiki ba, za su tafi da abin da suka sani, kuma babu bidiyon da zai dawo da shi daidai. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an bar ta a tulu.

Wani zai ce ai gaton alkama lafiya ce, alkaki kuwa mai ne da sukari. Mu yi wa kanmu adalci. Dusa tana da amfani, amma ba ta mai da gato magani. Mai ciwon sukari da ya ci babban yanki don an ce masa na alkama ne, ya cuci kansa, kamar yadda zai cutu da alkaki uku a zama ɗaya. Dukansu kayan marmari ne na ranar farin ciki, ba tuwon kullum ba.

Wani kuma zai ce zamani ne, a bar matasa su yi abinsu. Mun yarda, kuma ba mu ce a hana su ba. Gaton yarinyar nan ya dace da walima, da shayin baƙi, da buɗa-baki, inda za a yanka a cinye a ranar. Har muna fatan ya ture farin gaton nan mai hawa-hawa da ake saye da kuɗin buhun gero don a ɗauki hoto. Abin da muke roƙo kawai shi ne kowane abu ya tsaya a gurbinsa.

Mai unguwa bai ci tarar kowa ba. Ya ce dangin amarya su ba Hajiya aikin kwalla ɗaya ta alkaki, su biya ta ladanta cikakke, ƙanwar amarya kuma ta je ta zauna tare da ita daga ɓarza har tsomawa. Hajiya ta ce ta yarda, amma da sharaɗin yarinyar ta zo da asuba, don alkaki ba ya son mai barci. Da za su fita mun ji tana tambayarta a hankali nawa ne awon nonon da ta ce ta zuba.

Iyaye mata, in za a haɗa gara a ware kuɗin alkaki tun farko, a kai wa tsohuwar unguwa. Ƴaƴanmu masu gashi, ku nemi alkamar gida, ku gwada gyaɗa da riɗi da dabino, kuma kowace ta samu kwana biyu ta zauna kusa da mai alkaki tun tana da rai. Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya zaunar da amaren bana lafiya a ɗakunansu.